Abin Ƙara Sautin da Na Sa wa Baba

Shekarun baya, lokacin da kunnen mahaifina ya fara nauyi, na yi wata gwaninta da har yau in na tuna da ita sai in ji abinci ya fita raina. Na daɗe ina son ba ku labarin a nan ina ɗagawa, don ba labarin da mutum zai fito a cikinsa da farar riga ba ne. Amma jiya na ga wani ya turo irin abin a wani guruf da nake ciki, jama'a suna ta yi masa godiya da addu'a, sai na ce to, bari dai in faɗi nawa.

Mahaifina malami ne a ƙauyenmu, can ta wajen Tsanyawa. Ba irin malaman da ake jin muryarsu a rediyo ba. Yana noma gonarsa kamar kowa, yana limancin masallacin unguwarmu, bayan La'asar ya zauna a zaure ya ba da karatu. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne zurfin ciki. Wanda suka yi rigima da ɗan'uwansa a kan iyakar gona, da wanda likita ya gaya masa abin da ya kasa gaya wa iyalinsa, da wadda ɗanta ya fara bin 'yan shaye-shaye, duk zaurenmu suke zuwa. Su faɗa, ya saurara, ya ba da shawara, ya yi addu'a, su tashi da sauƙi a ransu. Mahaifiyata takan ce shekara arba'in suna tare, ko sau ɗaya bai taɓa shigo mata da maganar zaure cikin gida ba. Tana faɗa tana dariya, amma wallahi ina ganin abin yana ɗan ba ta haushi.

To kun san yadda garuruwanmu suka koma. Rabin magidanta suna kudu, wasu tuƙi, wasu ɗinki, wasu sayar da kayan gwari. Suna kiran Baba a 'yar ƙaramar wayarsa, sai dai kiran ya zama wahala. Mutum yana tsakiyar tasha, yana son faɗin abin da ke cin ransa a hankali, Baba kuma yana nan yana ta "Iye? Ɗaga murya!" Wa zai ɗaga murya da irin wannan magana a tasha? Sai suka koma turo saƙon murya ta lambata, ni kuma in kunna masa.

A lokacin ina koyarwa a firamare, kuma na sayi wata laftof ta hannu a Kano saboda ƙarin karatun da nake yi. Sai na riƙa buɗe manhajar saƙonnin a cikin burauza, wato abin da ake shiga intanet da shi, in sa masa babban abin sauraro a kunne. Tun ranar farko Baba ya kafa doka. In ajiye masa kwamfutar a gaban buzunsa, in nuna masa inda zai danna, sannan in fita in tafi can gindin darbejiya. In zai ba da amsa, in dawo in kunna masa ɗaukar murya, in sake fita. Na ce masa, "Baba, ai abin a kunnenka yake, ba na ji." Ya ce, "Ni aka turo wa, ba kai ba. Jeka." Sau ɗaya na taɓa rage tafiya, na laɓe a jikin katanga, don ni ma ɗan Adam ne. Ban san yadda aka yi ya gane ba, mutumin da ba ya jin kira. Gyaran murya kawai ya yi, na kama gabana.

Wani lokaci yakan ce a ajiye masa saƙo, sai ya kwana biyu yana tunani kafin ya ba da amsa. Don haka na buɗe folda a cikin kwamfutar ina zuba su, kowanne da lambar mai shi, har da amsoshin da Baba ya bayar. A ganina na yi tsari.

Matsala ɗaya ta rage, sautin bai ishe shi ba. Mai saƙo yana magana ƙasa-ƙasa, ga ƙarar inji a bayansa, sai Baba ya maimaita saƙo sau huɗu bai kama rabinsa ba. Ina ganin yadda abin yake damunsa, yana cire abin kunnen yana girgiza kai.

Ana nan, a farkon damina, wani ya turo wani abu a guruf ɗinmu na malaman makaranta. Wai ekstenshan, ɗan ƙarin abu da ake liƙa wa burauza, yana ninka sauti. Har da bayani cikin murya, da Hausa tsantsa, mai maganar ya fara da sallama ya ƙare da salati. Ya ce ba a samunsa a inda aka saba sauke irinsu, sai ta wannan hanyar da ya turo, kuma in kwamfuta ta nuna gargaɗi kada a damu, a wuce kawai. Na sauke. Abin ya ce yana neman izinin ganin duk abin da ke shafukan da na buɗe, na danna e. Ya ce don ya yi aiki sosai sai an ƙara sa wani ɗan'uwansa a cikin kwamfutar kanta, na danna e. Ya nemi makirfo, ya nemi wajen ajiyar fayil, duk na danna. Gargaɗin ma ya fito, jawur da shi, na wuce kamar yadda aka ce.

Abin kunyar shi ne ba zan ce ban iya karatu ba. Da Turanci aka rubuta, ni kuwa Turancin nake koyarwa. Idona ya bi ta kan rubutun, hannuna ya riga hankalina. Burina kawai in ga Baba ya ji.

Kuma ya ji. Ba zan manta fuskarsa ba da na dawo daga gindin darbejiya a ranar. Yana murmushi ya ce, "Yau na ji mutum kamar yana zaune a gabana. Allah ya yi maka albarka." Kaina ya yi girma. Na shiga gida na ce wa mahaifiyata daga yau ta riƙa ce mini injiniya. Ta ce, "To injiniya, ga tocilan ɗina can ta lalace tun bara."

Haka muka yi ta yi tun daga shuka har gero ya nuna.

Wata rana da hantsi, lokacin girbi, mun dawo da damman gero muna saukewa a ƙofar gida, sai ga wani bawan Allah ɗan garinmu. Direban tirela ne, tsakanin Kano da kudu yake, kuma a gaban Baba ya yi karatu tun yana yaro. Mutum ne da in ya zo sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa. Ran nan gaisuwar a tsaye ya yi ta. Baba ya shiga zaure ya zauna, ya ce masa bismilla, ya ƙi zama. Na juya zan ba su wuri, ya ce, "A'a, tsaya. Kai ma ka ji."

Ya ce kwana uku ke nan wani yana kiransa da ɓoyayyar lamba. Mai kiran ya maimaita masa maganar da ya turo wa Malam tiryan-tiryan, har da amsar da Malam ya ba shi. Ya ce ko ya tura masa kuɗi, ko ya kira matarsa da 'yan'uwansa ya gaya musu komai. Sai direban ya ce, "Allah gafarta Malam, ban gaya wa kowa ba a duniya. Ko wadda ta haife ni ba ta sani ba. Kai kaɗai na gaya wa."

Baba ya karkato da kai ya dube ni ya ce, "Me ya ce?"

Jama'a, ni na durƙusa a gefen mahaifina, na kai bakina saitin kunnensa, na ɗaga murya na maimaita masa cewa ana zarginsa da tona asiri. Sai da na faɗa sau biyu. Ina ganin lokacin da maganar ta shiga, hannunsa da ke jan carbi ya tsaya cak.

Direban ya juyo kaina ya ce, "Ko kai ne?" Na fara rantse-rantse. Baba ya katse ni ya ce, "Shi bai ji ba. Wannan ni shaida ne."

"To saura wa, Malam?"

Direban ya juya. Ya sa kai ya fita. Daga baya na ji bai ba mai kiran ko sisi ba. A ranar ya tara iyalinsa ya gaya musu da bakinsa, don kada su ji a waje. Mene ne maganar, har yau ban sani ba, ban kuma nema ba. Abin da na sani shi ne gidansa bai koma yadda yake ba.

A ƙauye ba a yi maka ihu. Sai dai ka ga gaisuwa ta gajarce, ka ga wanda yake tsayawa bayan liman ya koma sahu na uku. Baba yana gani, sai tuwonsa ya fara dawowa cikin gida kusan yadda aka kai shi. Ni kuwa na kafe a kan cewa wayar direban ce ke da matsala, ko wani yaron motarsa ya ɗauka ya saurara. Ko kusa tunanina bai je kan kwamfutata ba. Ina injiniya?

Bayan mako biyu wani ya bugo daga Legas, shi ma an kira shi. Mutum biyu, gari daban, waya daban, abin da ya haɗa su ɗaya ne.

Washegari na nannaɗe laftof ɗin a ɗankwalin mahaifiyata, na shiga bas zuwa Ɗambatta wajen wani abokina mai gyaran kwamfuta. Tare muka yi sakandare, kuma baki gare shi, ba ya raga wa kowa. Ya buɗe, ya ɗan dudduba, sai ya nuna da yatsa ya ce, "Malam, wannan fa? A ina ka kwaso shi?"

Na ce, "Na ƙara sauti ne. Ai wannan a burauza kawai yake, ba ruwansa da sauran."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya gaya maka? Shi na cikin burauzar, duk shafin da ka buɗe yana gani, har saƙonnin da ke shigowa. Wannan ma ya isa. Sai kuma ka ƙara masa da na biyu. Na biyun nan a cikin kwamfutar yake zaune, su biyun suna magana da juna. Shi yake shiga folda, shi yake buɗe makirfo. Na waje ya ce miƙo mini kaza, na ciki ya miƙa, shi kuma ya tura wa mai shi."

Ya nuna mini wasu layuka da ban gane ba, ya ce alamar abin da aka yi ta fitarwa ke nan. Ya ce, "Ba ka lura datarka tana ƙarewa da wuri ba?" Na lura mana. Wata huɗu ina tsine wa kamfanin waya, ashe bayin Allah ba su ci ba, ba su sha ba.

Na ce, "Ka ce makirfo. Ko ba a kunna ɗaukar murya ba?"

Ya ce, "In dai kwamfutar tana kunne, zai iya. Ban ce ya yi ba, amma zai iya."

Na tuna sau nawa na bar ta a buɗe a zaure tana caji, mutane suna shigowa wajen Baba da ƙafarsu suna zama dab da ita. Abokina ya ga yanayina, ya daina zolaya. Ya ce ba duk irin waɗannan abubuwan ne mugaye ba, shi ma yana amfani da wasu, amma abin ƙara sauti me zai yi da fayil ɗin mutum? Ya goge kwamfutar gaba ɗaya, ya sa na sauya duk lambobin sirrina. Na ce, "To wanda ya riga ya fita fa?" Ya ce, "Wannan kam sai addu'a."

A cikin bas, a hanyar dawowa, Shaiɗan ya zauna kusa da ni. An goge, ba shaida, ba wanda ya san me ya faru sai ni da abokina. Mutane za su gaji su manta. Na tsara ƙarya kusan kala uku, kowacce ta fi 'yar'uwarta kyau. Na sauka tun kafin a iso gari, na bi ta cikin gonaki a ƙafa, wai don in samu lokacin zaɓar wadda zan faɗa. Sai na hango Baba a bakin rumbu shi kaɗai, yana gyara jinka, rigarsa ta yi masa yawa. Duk ƙaryar ta zube.

Ba a yi wa mai nauyin kunne iƙirari a hankali. Da ƙarfi na ce, "Baba, ni ne! Abin nan da na sa don ka ji da kyau, akwai wani a bayansa yana ji!"

Ya ajiye igiyar hannunsa. "Mutum?"

"Mutum, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun shuka."

Ya nemi wuri ya zauna a kan wani dutse. Can ya ce, "Shi wannan abin, da ƙarfi ya shiga, ko izini ya nema?"

Na ce, "Izini ya nema."

"Ka ba shi."

"Na ba shi, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Izinin abin da ba naka ba." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan laifina ba, ran nan ko bayan nan. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini hannu, da na fi samun sauƙi.

Sai ya tambaye ni mutum nawa ne suka turo saƙo tun daga lokacin. Na ce goma sha tara, ban da waɗanda suka zo zaure kwamfutar tana buɗe. Ya ce gobe in fito da babur da wuri. Na gane nufinsa, na fara roƙo. Na ce mutum biyu kawai aka kira, wataƙila sauran ba za a taɓa kiransu ba, in ya bi su ya faɗa, sunansa da ya yi shekaru yana ginawa ya gama lalacewa. Ya ce, "Maganarsu ce. Gara su ji daga bakina kafin su ji daga bakin wancan."

Kwana uku ina goya shi a babur, daga wannan unguwa zuwa waccan, wasu har ƙauyukan da ke kusa da Bagwai. Dattijo ne da ake zuwa gaishe shi, sai ga shi yana sallama a ƙofar yaran da ya koya wa alwala. Duk inda muka je magana ɗaya ce: "Abin da ka ba ni amana ya fita daga hannuna. In wani ya kira ka, kada ka ba shi komai. Ka yafe mini." A gidan farko na yi caraf na ce laifina ne, ba na Baba ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ba kai suka ba amana ba." Daga nan na ja bakina. Waɗanda ke kudu kuma ni nake buga musu da ƙaramar wayarsa, ya karɓa ya faɗi maganarsa da ƙarfi, ba ya ma jin amsar da suke ba shi.

Wasu sun ce ba komai Malam, ƙaddara ce. Wani ya yi ta kallon ƙasa har muka tashi. Wata ta tsaya a bayan ƙofa ta saurara, sannan muka ji takunta ta koma ciki. Direban ya ji bayanin kwamfutar har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Malam. Na yafe." Ya ci gaba da gaishe shi in sun haɗu, da girmamawa. Amma bai ƙara zama a zaurenmu ba.

Bayan haka an kira wasu mutum biyu ko uku, suka kashe waya, abin ya mutu. Wanda ya yi, ban san shi ba. Wanda ya turo a guruf ma ya rantse shi ma turo masa aka yi.

Yanzu duk abin da zan sa a waya ko kwamfuta, sai na tsaya na karanta me yake nema, in tambayi kaina ko aikinsa yana buƙatar haka. In ya ce sai an ƙara sa wani abu a cikin kwamfutar kanta, sai na nemi wanda ya fi ni sani. Abokai suna mini dariya, wai na cika tsoro. Ba na musu. Ni dai na gane cewa abin da ke cikin na'urar mutum ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai muryar wasu a ciki, da hotunansu, da maganar da suka faɗa don sun yarda da kai. Ranar da na danna e ɗin nan, a madadin mutum goma sha tara na danna, kuma ba wanda na tambaya a cikinsu.

Na ɗauka da an gama zagayen nan komai zai koma daidai, a jefar da kwamfuta a dawo yadda ake da. Sannu a hankali mutane sun dawo sahu, gaisuwa ta dawo da tsawonta. Baba ne bai dawo ba. Ya daina karɓar sirrin kowa. Na yi ta lallashi, na ce ai yanzu ba na'ura a zauren, ya ce a'a, wanda abu ya taɓa zubewa a hannunsa ya san hannunsa.

Wata rana bayan Azahar wata dattijuwa ta zo daga wani ƙauye mai nisa, a ƙafa, takalmanta duk ƙasa. Ina zaune a wajen. Suka gaisa, ta gyara zama, ta fara, "Malam, wata magana ce ta kawo ni." Ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, kada ki faɗa mini. Ki riƙe ta a ranki, in yi addu'a, ki ce amin. Allah ya san ta."

Ta matso kusa don ya ji, ta ce, "Malam, ba addu'a kaɗai na zo nema ba. Shekara biyu abin nan yana cina, ban samu wanda zan gaya wa ba. In kai ma ka ƙi ji, wa zan gaya wa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Na ga leɓensa yana motsi kamar zai ce faɗi, sai ya ɗaga hannuwa ya fara addu'a. Ta ce amin, ta ce amin, ta shafa. Ta ɗan jira ko zai sake magana. Sannan ta dafa ƙasa ta tashi, ta sa takalmanta, ta koma da maganarta yadda ta zo da ita.

Ya yi shekara huɗu a duniya bayan wannan, Allah ya jiƙansa. Har ya rasu bai ƙara barin kowa ya gaya masa ba.